Mudun Bahamas Ba Zai Auna Kowane Gangare Ba

Tun da Droxler da Schlager (1985) suka nuna yadda dandamalin Bahamas yake zubar da lakar kabonet zuwa zurfin teku a duk lokacin da ruwa ya hau ya rufe samansa, ra'ayi ɗaya ya kafu a tsakanin masu nazarin dutsen farar ƙasa: saman dandamali shi ne gona, gangare kuwa rumbu ne da ake tara abin da aka noma a sama. Haƙan da shirin binciken ƙasan teku na ODP ya yi a can a 1996 ya ƙara wa ra'ayin ƙarfi. Game da Bahamas ba ni da ja. Zurfin ruwan da ke saman dandamalinta bai kai mita 10 ba a yawancin wurare, kuma da ruwa ya janye da kusan mita 120 a zamanin ƙanƙara na ƙarshe, gonar bushewa ta yi. Abin da ya dame ni shi ne ɗaukar wannan mudu a auna duk wani gangare na dā da shi.

A duba Sierra del Cuera a arewacin Sifaniya, dandamalin zamanin Kaboniferos. Della Porta da Kenter da abokan aikinsu sun bi gangarensa, suka tarar da dutsen da ƙananan halittu suka gina a wurinsa, tun daga baki har zuwa zurfin kimanin mita 300, inda hasken rana ba ya wadatarwa. Keim da Schlager (1999) sun ga irinsa a Sella, cikin duwatsun Dolomait na Italiya, daga zamanin Tirayasik. A waɗannan wurare gangaren da kansa gona ne.

Wani abokin aikina, wanda nake girmama iliminsa, bai yarda ba. Hujjarsa ita ce laka laka ce: wadda igiyar ruwa ta share daga sama, idan ta daɗe ta sake ƙanƙarewa, wa zai bambanta ta da wadda ta samu a wurin? Tambayar tana da nauyi, amma ina ganin dutsen ya amsa ta. A yanka shi siriri a ɗora a madubin ƙara girma. Za a ga lakar ta dunƙule ƙanana-ƙanana kamar tsakin gero, ta yi rufi a kan koguna masu faɗin ɗan yatsa, daga baya simintin ruwan teku ya cika su. A gindin wasu kogunan akwai 'yar laka da ta kwanta shimfiɗe, tana nuna inda ƙasa take a ranar da ta zuba. Lakar da ta gangaro daga sama kwanciya take yi, ba ta rataye a rufi. Sannan ga maganar tsayuwar gangaren. Kenter (1990) ya nuna cewa laka zalla da wuya ta riƙe gangaren da ya wuce digiri 5, alhali na Sierra del Cuera da na Sella sun haura digiri 30. Da wuya a fahimci haka in ba tun tana samuwa take taurara ba.

Ya sake cewa, to ɓaraguzan da suka cika ƙasan gangaren fa, ai gangarowa suka yi. Gaskiya ne. Sai dai a tambaya daga ina. A Sierra del Cuera mafi yawansu gutsattsarin dutsen saman gangaren ne da ya tsage ya rufto. Wannan ne ya sa Kenter da abokansa (2005) suka ce gangaren ne yake zubar wa kansa, kuma tunda gonarsa tana cikin zurfi, janyewar ruwa ba lalle ta tsayar da ita ba.

A nan dole in rage faɗin maganata. Hujjar da ke hannu ta fi ƙarfi a kan saman gangaren dandamalai masu tsaye na Kaboniferos da Tirayasik. A can gindi, har a waɗannan wuraren, ana samun shimfiɗun yashin da ya fito daga sama, kuma inda dutsen ya rikiɗe zuwa dolomait, alamun da na ambata sukan goge. A irin wannan wuri abokina yana da damar shakka.

Batun ya wuce gardamar malamai, domin rijiyoyin man Tengiz a Kazakistan suna shiga irin wannan gangare. Roƙona ga ɗalibai da masu duba ayyukansu shi ne kada a rubuta asalin lakar wani gangare kafin a auna tsayuwarsa a kuma ƙirga abin da ke cikin yankan dutsensa.