Hawan Tudun Jos: Abin da Kanawa Suka Samu da Abin da Suka Biya

Mutanenmu na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da ke zaune a garuruwa daban-daban sun san ba a rasa Bakano a ko'ina, amma kowane gari da abin da ya ja mu zuwa gare shi. Ikko ta ja mu da cinikin shanu da goro, Kaduna da aikin gwamnati da masaƙu, Jos kuwa da kuza, kuma ita ce a cikinsu take bisa dutse. Tun da har gobe samarinmu suna tambaya ko zaman Jos ya fi sauƙi, ko kuwa akwai aikin yi a can, ya kyautu a waiwayi yadda magabata suka yi wannan lissafi, da abin da ya fito musu.

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba. Damina tana sauka can tun watan Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, da hunturu kuwa dare yakan yi sanyin da mutumin Kano bai taɓa kwana a cikinsa ba. Acca ce babbar cimar Birom da Anaguta da Afizere, mutanen da Turawa suka tarar a wurin, abin da suke nomawa kuma daidai bakinsu ne. Itatuwa ba su da yawa a kan tudun. Wato abubuwa uku da talakan Kano yake samu da araha a gida, hatsi da itacen girki da kwana da riga guda, a can sai da kuɗi.

Kafin zuwan Turawa ma Kanawa sun san kuza. Wanda ya bi hanyar Jos ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada da dajin Falgore, yana ratsa ƙasar Doguwa ne, inda garin Riruwai yake. Mutanen Riruwai, da 'yan'uwansu na Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi, sun daɗe suna wanke kuza daga rafuka, su narke ta, su zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Irin wannan kuza ce Kamfanin Neja ya gani a hannun 'yan kasuwa, ya aika a bi sawunta a 1902. Ba da daɗewa ba Kanar Laws ya kafa sansani a Naraguta, daga wajen 1910 kuma kamfanonin Ingila suka yi ta kwararowa. Cikin 'yan shekaru sana'ar maƙeran Riruwai ta mutu, domin wuraren da suke ɗiba sun shiga taswirar kamfani. An shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, ta isa Jos a 1914, a 1927 kuma babbar hanya ta iso ta Kafanchan.

Su wa suka hau tudun? Mafi yawa 'yan cin rani ne daga ƙasashen Zazzau da Bauchi da Kano da Barno, har da mutanen ƙasar Faransa, kamar yadda ake kiran Nijar a lokacin. Haraji ne ya fi korar su daga gida, tun da Bature ya ce da tsabar kuɗi za a biya. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta ƙara tura wasu. Amma manomin kewayen birnin Kano, irin na ƙauyukan bayan ganuwa da unguwanninmu suka tsiro daga cikinsu, yana da wata mafita da ba kowa ke da ita ba: jirgi ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma gyaɗa ta yi kuɗi. Wanda gonarsa za ta biya masa haraji bai cika ɗaukar diga ba. Saboda haka Bakano da yawa da ya je Jos, da kaya ko da sana'a ya je.

A nan ne lissafin ya rabu gida biyu. Lebura a filin kuza ana biyansa mako-mako, kuɗin kuma in an faɗe shi a ƙauye sai ya zama abin mamaki, domin manomi yakan yi wata bai riƙe sule ba. Abin da ba a faɗa a ƙauye shi ne inda kuɗin ke tafiya. Hatsin da zai ci daga Zazzau ko Kano ko Bauchi aka hauro da shi, kowane jaki da kowane tarago kuma da ladansa a cikin mudu. Ba shi da iyali kusa, don haka tuwo saye, fura saye, wanki ma wani lokaci saye. Sai bargo, sai itacen jin ɗumi. Wuni yake yi a cikin ruwa da taɓo yana ɗaukar ƙasa a ka, ciwon haƙarƙari na jiransa, ranar da bai fita ba kuwa babu ko anini. Hediman da ya samo masa aikin yana da nasa kaso, yakan kuma ba shi bashi tun ranar farko don kada ya gudu. Abin da ya saura, caca da sauran shagalin bariki suna nan ranar biya. Ba a banza kalmar bariki ta samu ma'anar da take da ita a bakin iyayenmu ba. Da yawa sun sauko da kuɗin haraji da 'yar riga, wasu ko wannan ba su samu ba, kunya ta hana su komowa.

Wanda ya ci ribar kuza shi ne wanda ya tsaya a bakin ramin yana sayar wa mai haƙa. Mahauci, da tela, da mai koli, da dillalin hatsi, da wanzami, da malamin allo, da matan da ke tuwon sayarwa, daga baya kuma mai mota, su ne albashin lebura yake ƙarewa a hannunsu kowane mako. Su suka gina gidaje a Gangare da Dilimi da Bukuru, suka aiko aka kai musu iyali. Dubi sunayen garuruwan da suka tsiro a filayen kuza, Barikin Ladi, Gindin Akwati, Sabon Gidan Kanar, Dogon Nahawa, ka san harshen da ake ciniki da shi. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ɗan wannan duniya ce, shi ya sa kuntiginsa ya fi karkata ga talaka mai neman na yau. Sai dai adalci ne a faɗi cewa filayen da aka haƙe gonakin mutane ne, Birom sun yi ta kuka a kan haka tun zamanin Turawa, diyyar da aka ba su kuwa ba ta kai ta kawo ba. Wanda bai san wannan ba, ba zai fahimci abin da ya biyo baya ba.

Wani abu da mai shirin ƙaura ba ya gani shi ne, aikin garin ma'adini a rataye yake da farashin da ake yankewa a wata ƙasa. Da kasuwannin duniya suka karye a 1929, ƙasashe masu kuza suka yi yarjejeniya a 1931 kowa ya rage haƙa, sai aka sallami fiye da rabin ma'aikata cikin 'yan shekaru, waɗanda suka saura kuma aka rage musu albashi. Mai tuwo da tela su ma sun ji a jikinsu, amma su suna da jari da za su juya zuwa wani abu.

Mafi munin babi shi ne na yaƙin duniya na biyu. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya mai arzikin kuza daga hannun Ingila, sai ido ya dawo kan Jos. Gwamnati ta kafa dokar aikin tilas, wanda mutane suka sa wa suna ɗiban gwamna. Aka yanka wa lardunan Arewa adadin mutanen da za su kawo, hakimai suka yanka wa dagatai, dagatai suka yanka wa masu unguwanni, wanda ba shi da mai tsaya masa kuwa shi ake fara rubutawa. Daga 1942 zuwa 1944 dubun dubatar manoma aka kai, kowane rukuni ya yi 'yan watanni. An kai su ba tufafin kirki, aka zuba su a bukkokin da ba sa tare ruwa, abinci bai isa ba. Da yawa sun mutu, da yawa sun gudu da ƙafa. Aka kuma tilasta sayen hatsi daga ƙauyuka don ciyar da su, daidai lokacin da yunwar 'Yar Gusau ke cin mutane a yammacin ƙasar Hausa. A 1943 kuzar da aka fitar ta haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Ni a ganina ya kamata a riƙa koya wa 'yan firamare wannan labari, domin littattafan da muka koyar da su shekara da shekaru sun fi ba da labarin tan nawa aka fitar, ba mutum nawa aka binne ba.

Bayan yaƙi an sake samun 'yar walwala. A shekarun 1950 Amurka ta yi ta sayen wani ma'adini da ake samu tare da kuza, wato kwalambait, tsibin ƙasar da aka zubar a da ya koma dukiya, kafin ƙarshen shekarun kuma kasuwar ta faɗi. An rufe ƙaramar hanyar jirgi ta Zariya a 1957, motoci suka gaje ta. Daga nan kuzar da ke kusa da sama ta yi ta ƙarewa, kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya sa kowa ya juya wa ma'adini baya, a watan Oktoba na 1985 kuma kasuwar kuza ta duniya ta durƙushe a Landan. Manyan kamfanoni suka naɗe tabarma, suka bar kududdufai da ramuka birjik.

Garin bai mutu ba, domin ya riga ya samu wasu ƙafafu. Ya zama hedkwatar jihar Binuwai-Filato a 1967, da ta Filato a 1976. Jami'ar Jos ta tsaya da ƙafarta a 1975, cibiyar nazarin manufofi ta Kuru ta buɗe a 1979, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tun zamanin Turawa, ga masana'antar NASCO tun 1963. Sanyin da ya kashe leburori shi ne ya mai da tudun gonar dankalin Turawa da kabeji da karas da tumatir, ruwan kududdufan kuza kuma ya zama na noman rani, wanda Hausawa suka daɗe da ƙwarewa a kansa. Nan ne kaɗai lissafin ya juya wa Kano baya: kayan lambu a kasuwar Farin Gada sun fi araha, mazaunin Jos kuma ba ya kashe kuɗin fanka da ƙanƙara a watan Afrilu kamar mu.

Amma aikin albashi wata magana ce. Guraben gwamnatin jiha da na ƙananan hukumomi da takardar shaidar ɗan asalin wuri ake samunsu, wannan takarda kuwa ita ce ƙashin bayan rikicin Jos ta Arewa tun da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar a 1991. Akwai jikokin waɗanda suka hau tudun tun zamanin kuza da samunta ke yi musu wuya, in sun zo Kano kuma a tambaye su wane ne mai unguwarsu. Kafin mu ga laifin wasu, mu tuna mu ma haka muke yi wa wanda kakansa ya zo Sabon Gari. Rikicin Afrilun 1994, da na Satumbar 2001, da na Nuwambar 2008, da na Janairun 2010, sun ci rayuka daga kowane ɓangare, suka kuma raba garin unguwa-unguwa bisa addini. Wannan ya shafi aljihu kai tsaye. Baƙo ba ya zaɓen gida don arha ko kusanci da wurin aiki, sai don inda zai iya barci, unguwanni irin su Unguwar Rogo da Rikkos da Gangare kuwa sun cika maƙil, ɗaki ya yi wuyar samu. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a watan Fabrairun 2002, aka shafe fiye da shekara 20 ba a sake gina ta ba. An hana acaɓa a cikin garin a 2012, shekara guda kafin a hana a Kano, wato ƙofar da saurayi marar jari yake fara shiga da ita ta rufe.

Kuza ta sake yin kuɗi a 'yan shekarun nan, saboda ana bukatarta wajen haɗa wayoyin hannu da kwamfuta. Amma yanzu ba kamfani mai biyan mako ba ne. Samari ne ke haƙa rami mai zurfi kamar rijiya, su shiga da igiya, in an samu a raba da mai injin da mai fili, in ƙasa ta rufta kuwa shi ke nan. A 2025 gwamnatin jihar ta dakatar da haƙar na wani lokaci saboda matsalar tsaro, masu ramuka suka zauna ba aiki kamar yadda kakanninsu suka zauna a 1931. Janye tallafin mai a watan Mayun 2023 ya kuma dawo da tsohuwar matsala, domin duk abin da za a hauro da shi tudu, kuɗin mota na cikin farashinsa.

Kanawan da na sani suna zaune lafiya a Jos yau, in ka bincika, kusan duk a kan hanyar nan suke cin abinci. Wasu suna ɗora hatsi daga Dawanau su haura da shi, wasu atamfa da shadda daga Kantin Kwari, wasu suna cinikin gwanjo a kasuwar Katako, inda rigar sanyi ba ta kwantai. Motocin da suka kai kayan kuma ba sa saukowa wayam: dankalin Bokkos da Mangu suke ɗaukowa, da kabeji da karas, su kwana a hanya, da asuba a sauke su a 'Yankaba.