Sayar da tsohuwar kyamarar fim: Abubuwan da ke yanke farashinta

Kyamarar fim ta ƙwararru na cikin kayan sana'a masu tsada da darajarsu ke saurin faɗuwa. Wadda aka saya da kuɗin da ya isa a gina gida, bayan shekara goma tana iya komawa farashin ƙaramar mota ta hannu, alhali hoton da take fitarwa bai canza ba. Wannan ne ya sa furodusoshi da masu bayar da hayar kayan fim da magada da dillalai kan rasa inda za su tsayar da farashi idan sayarwa ta kama.

Yadda darajarta ke faɗuwa

A 2007 kamfanin RED na Amurka ya fitar da RED One, wadda gangar jikinta kaɗai ta kai Dala 17,500. A 2010 kamfanin ARRI da ke birnin Munich a Jamus ya fito da Alexa, kyamarar da aka ɗauki fim ɗin Skyfall na 2012 da ita. A ƙarshen 2011 kuma Canon ya sanar da C300, wadda aka riƙa sayarwa a kan kimanin Dala 16,000. Dukkansu a yau ana samun na hannu a kan wani ɗan kaso na kuɗinsu na farko.

Babban abin da ya karya su shi ne sauyin ma'aunin kasuwa. Netflix, alal misali, ya shar'anta cewa finafinan da yake ɗaukar nauyi a ɗauke su da kyamarar da ta kai ma'aunin 4K. Alexa ta farko ba ta kai wannan ma'auni ba, C300 ta farko kuwa a 1080 ta tsaya. Da manyan kamfanonin haya a Turai da Amurka suka koma ga sababbi, irin su Alexa LF ta 2018 da Alexa 35 ta 2022, sai tsofaffin suka cika kasuwa, farashinsu ya sauka.

Duk da haka ba su zama tarkace ba. Akasarin finafinai masu dogon zango na Kannywood a YouTube da tashoshin talabijin ake kallonsu, sau da yawa a waya, inda kyawun launi da yadda kyamara ke kama hasken fatar mutum suka fi yawan lamba tasiri. Masu irin wannan aiki da masu ɗaukar talla da ɗaliban koyon fim su ne masu sayen tsohuwar kyamara.

Abin da mai saye ke dubawa

Na farko shi ne sa'o'in aiki. Irin waɗannan kyamarori na ƙirga adadin sa'o'in da suka yi a kunne, kamar yadda mota ke ƙirga kilomita, kuma ana ganin adadin a cikin manhajarsu. Mai sayarwa ya ɗauki hoton wannan shafi tare da lambar da kamfani ya buga wa kyamarar.

Na biyu shi ne lafiyar sensa, wato farantin da ke karɓar haske a bayan gilashi. Ita ce zuciyar kyamara, kuma sauya ta kan fi kuɗin tsohuwar kyamarar baki ɗaya. Ana gwada ta ta hanyar ɗaukar 'yan daƙiƙu da murfi a rufe, sannan a ɗauki farin bango, a duba a babban allo ko akwai ɗigon da ya mutu ko layi ko tabo.

Na uku shi ne jiki: ƙarar fanka, ramukan da ake soka wayoyi, maɓallai da mazaunin gilashi. Ƙurar hunturu na taruwa a hanyar iska ta sa kyamara zafi, danshin damina kuma na haifar da fumfuna a gilashi. Kyamarar da aka adana a akwati mai bushewa tana bayyana kanta da zarar an buɗe.

Kayan haɗi

Gangar jiki kaɗai ba ta aiki. Alexa ta farko da katin SxS take ɗauka, RED kuma tana da nata ma'ajin na musamman, kuma samun waɗannan yanzu yana da wahala. Saboda haka kyamarar da ta zo da katunanta da na'urar karanta su da batura da caja da madubin leƙawa da akwati ta fi saurin shiga. Haka nan lasisin da aka saya wa kyamarar, kamar na ɗaukar hoto mai sauri a Alexa, a jikin lambarta yake, don haka yana bin ta zuwa hannun sabon mai ita, kuma ya cancanci a ambace shi a cikin talla.

Gilasan ɗaukar hoto kuwa hukuncinsu daban ne. Mai kyau daga cikinsu kan yi shekaru masu yawa yana aiki a kan kyamarori daban-daban, darajarsa ba ta faɗuwa kamar ta kyamara. Sau da yawa sayar da shi shi kaɗai ya fi riba.

Tsayar da farashi

Kuskuren da aka fi yi shi ne lissafi da kuɗin saye. Abin dogaro shi ne farashin da irinta ta sayu a kwanan nan, wanda ake iya gani a shafuka irin su eBay a sashen kayan da aka riga aka sayar. Farashin da mai kaya ya rubuta buri ne kawai, har sai an biya.

A Najeriya akwai ƙarin ruɗani na canji. Kafin Yunin 2023 Dala tana kusan Naira 460 a farashin hukuma, a 2024 kuwa ta haura Naira 1,500. Don haka mutum na iya sayar da kyamara fiye da Nairar da ya biya, ya ɗauka ya ci riba, alhali kuɗin ba zai saya masa rabin madadinta ba. Ya kamata a fara lissafi da Dala, sannan a juya zuwa Naira, a ƙara la'akari da cewa wanda zai yi odar irinta daga waje sai ya biya kuɗin dako da na kwastam. Wannan ita ce fa'idar mai sayarwa a gida.

Hanyoyin sayarwa

Sayarwa kai-tsaye ga abokan sana'a ta fi kawo kuɗi, amma tana buƙatar haƙuri. Dillali na gaggauta ciniki, sai dai a yanke la'adarsa tun farko. Mai shago da ke saye don ya sayar yana biya nan take, amma da rangwame mai yawa. Shafukan intanet irin su Jiji na faɗaɗa kasuwa, tare da haɗarin 'yan damfara masu tura saƙon banki na bogi. Ƙa'ida a nan ita ce kada kaya su bar hannu sai mai su ya ga kuɗi a asusunsa da idonsa.

Idan za a kai kayan wani gari ta jirgin sama, a lura da batura. A ƙa'idar jiragen fasinja, batirin da bai wuce awon 100Wh ba yana shiga jakar hannu, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, abin da ya haura haka ba a yarda fasinja ya ɗauka ba.

Kafin a miƙa kaya

A goge duk hotunan da ke cikin katuna, domin aikin mutane amana ne. A ba mai saye damar gwaji a gaban shaida, a rubuta takardar ciniki mai ɗauke da lambar kyamara da jerin kayan haɗi da duk wani aibi da aka sani. Rasit na asali na kawar da zargin kayan sata. Bayyana aibi kuwa wajibi ne a fiƙihun ciniki, kuma mai saye na da haƙƙin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma sai an gaya masa rariya ce.

Daga ƙarshe, lokaci ba ya bayan mai tsohuwar kyamara. Duk sabuwar da ta fito tana rage mata daraja, batura na mutuwa a ajiye, kayan gyara na ƙara wuya. Wadda ba ta fita aiki ko haya, gara a sayar da ita tun tana da masu nema.