Mazaɓar Senegal a Majalisar Faransa, 1848 zuwa 1914

A duk faɗin ƙasashen da Faransa ta mallaka a Afirka ta Yamma, mazaɓa ɗaya tak ce ta riƙa aika wakili zuwa majalisar dokoki ta Paris a ƙarni na goma sha tara. Sunanta mazaɓar Senegal, amma sunan ya fi ta girma: garuruwa ne na bakin teku, San-Luwi wanda Wolof ke kira Ndar, da tsibirin Gore, daga baya aka haɗa da Rufiski da Dakar. Wanda ke zaune bayan iyakar waɗannan garuruwa ba shi da ƙuri'a, ba shi da bakin magana.

Asalin kujerar juyin juya halin 1848 ne. A shekarar da Jamhuriya ta Biyu ta haramta bauta, a ranar 27 ga Afrilu, a ita ce aka ba Senegal wakili guda. Wanda aka fara zaɓa shi ne Barthélémy Durand Valantin, magajin garin San-Luwi, ɗan kasuwa, ruwa-biyu. Kujerar ba ta yi ƙarko ba. Louis-Napoléon ya soke ta a 1852. Aka maido da ita a 1871, Lafon de Fongaufier ya hau. Aka sāke janye ta a 1875, sai a 1879 ta dawo da zama. Abin lura a nan shi ne, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye da aka shawarci mutanen Ndar a kansa. Iskar da ta kaɗa a Paris ita ke ba su ƴanci, ita ke karɓewa.

To, su wa ke jefa ƙuri'ar? Mafi rinjaye baƙaƙen fata ne, Musulmi, haifaffun garuruwan: masunta, matuƙa jiragen ruwa, magina da dillalan ƙaro da ke hawa kogin Senegal. Sun riƙe shari'arsu a sha'anin aure da gado, har gwamna Faidherbe ya buɗe musu kotun alƙali a San-Luwi a 1857. Wannan ya dami ma'aikatan mulkin mallaka ƙwarai, suka daɗe suna jayayya a kan ko mai mata biyu, wanda bai bi dokar farar hula ta Faransa ba, ya cancanci a kira shi ɗan ƙasa.

Sai dai yawan masu zaɓe bai zama iko ba. Dillali na karɓar haja bashi daga manyan kamfanonin Bordo irin su Maurel et Prom, ko daga gidajen attajirai ruwa-biyu, kuma mai bin ka bashi ba ya rasa ta cewa ranar zaɓe. Shi ya sa kujerar ta yi ta yawo tsakanin waɗannan rukunai biyu: Alfred Gasconi daga 1879 zuwa 1889, sai hafsan sojan ruwa Aristide Vallon, sai lauya Jules Couchard, sai Hector d'Agoult a 1898. A zamanin wannan na ƙarshen ne, a 1899, rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, ta kuma ƙone Birnin Ƙonni. Wakilin da ake cewa na Afirka ta Yamma ba na mutanen Ƙonni ba ne. Ba su zaɓe shi ba, ba su ma san da shi ba.

An kai 1914 kafin masu rinjaye su ga amfanin yawansu, lokacin da Blaise Diagne, haifaffen Gore kuma ma'aikacin kwastan, ya kayar da François Carpot. Dokar da ya samo a 1916 ta tabbatar wa ƴan garuruwan huɗu cikakken matsayin ƴan ƙasa. Ladan da Faransa ta karɓa kuwa soja ne, domin Diagne da kansa ya zagaya yankin a 1918 yana ɗibar samari zuwa fagen yaƙi.

Mu a Nijar mun jira kusan shekara ɗari bayan Valantin. A zaɓen Oktoba 1945 an haɗa mu mazaɓa guda da Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, Fily Dabo Sissoko ya yi nasara. A Nuwamba 1946 Nijar ta sami kujerarta, Diori Hamani, malamin makaranta, ya tafi Paris. Ko a lokacin, jerin masu zaɓe gajere ne, na sarakuna, ma'aikata, tsofaffin soja da makamantansu. Manomi da matarsa ba su shiga ba gaba ɗaya sai da dokar Defferre ta 1956.