Aljani, Ninja da Ambaliya: Shin Ƙarancin Kuɗi ne Ciwon Finafinanmu? Tsokaci daga Ƙasar Daura

Akwai wani ra'ayi da ya zauna daram a bakin masu sharhin fim na Arewa, har ya kusa zama abin da ba a neman hujjarsa. Ra'ayin kuwa shi ne, fim ɗin ban tsoro da na faɗa irin na ninja da na bala'i sana'ar masu hannu da shuni ce. Wanda ba shi da dalolin Amurka da na'urorin siddabarun kwamfuta, gara ya tsaya a soyayya da rikicin kishiyoyi, kada ya jawo wa kansa dariya. A cikin waɗanda na sani, babu wanda ya kafe a kan wannan magana kamar wani abokin aikina, malamin adabi, kuma da shi zan yi a wannan maƙala, domin hujjojinsa sun fi na saura nauyi. A ganina ya yi kuskure, ko kuma aƙalla ya yi wa abubuwa uku kuɗin goro, alhali ba ciwo ɗaya ke damunsu ba.

Tarihin masana'antar ba ya buƙatar maimaici a nan: fim ɗin Turmin Danya a 1990, kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, da tasirin finafinan Indiya, duk an yi musu rubutu mai gamsarwa (Adamu 2007, Larkin 2008). Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, mai kallon da ya tashi da finafinan Indiya shi ne dai ya tashi da na Canis. Yaron da ya girma a Daura ko Mai'aduwa ko Zango ko Ɓaure ko Sandamu a zamanin kaset ya san gidan kallo: rumfar zana ko ta langa-langa, bencina a jere, janareta na ruri a baya, da allon da aka rubuta fim ɗin dare da alli. Ya san Bruce Lee da Jackie Chan da Jet Li, ya san cewa sai an gama da yara kafin a kai ga bos. Yau shagon masu tura fim a waya ya gaji wannan aiki, fassarar Hausa irin ta Algaita kuma ta cire shingen harshe. Saboda haka mai kallon da muke magana a kansa ba baƙo ba ne a waɗannan nau'o'i. Idonsa ya goge, kuma yana bambance fim mai arha da fim maras kyau.

Bari mu fara da ban tsoro, inda nake ganin ra'ayin abokina ya fi rauni. George Romero ya yi Night of the Living Dead a 1968 da kimanin dala dubu 114. Paranormal Activity na 2007 an ɗauke shi a cikin gida ɗaya da kusan dala dubu 15, ya kuma tara sama da dala miliyan 190. The Blair Witch Project na 1999 bai nuna mayyar ba ko sau ɗaya, daga farko har ƙarshe. Ko Jaws na 1975, wanda ba mai arha ba ne, kifin roban da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a cikin ruwan gishiri, dole daraktansa Spielberg ya ɓoye shi a yawancin fim ɗin, kuma ɓoyewar ce ta zama ƙarfinsa. Dalilin a fili yake: abin da zuciya ta sawwara wa kanta ya fi abin da ido ya gani firgitarwa, domin ido na ganin abu sai ya auna girmansa, ya gano ɗinkin rigarsa.

Mutumin Daura bai buƙaci Spielberg ya koya masa wannan ba. A duba yadda ake ba da labarin rijiyar Kusugu. Wani maciji mai suna Sarki ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, amma labarin bai ɓata lokaci wajen siffanta shi ba. Abin da muke ji shi ne tsohuwa Ayana tana gaya wa baƙonta cewa babu ruwa a gidan, babu kuma mai zuwa rijiya yau. Sai dare, sai baƙo shi kaɗai a bakin rijiya, ya zura guga, ya ja, ya ji an riƙe. Wannan riƙewar igiyar ita ce ƙololuwar tsoron. Kan macijin bai fito ba sai daidai lokacin da za a sare shi. Da gari ya waye ma tsoron bai gushe ba, domin ruwayar ta ce Galadima ya kasa matsawa kusa da gawar, sai Kaura ne ya je ya tabbatar. Duk wanda zai ɗauki wannan a kyamara, abin da yake buƙata shi ne rijiya, igiya, fitila ɗaya, da fuskar mutum mai iya nuna fargaba. Ranar da ya ce sai ya zana ƙaton maciji da kwamfutar da ba ta kai ba, ranar yara za su fashe da dariya a inda ya so su ƙanƙame juna.

A nan abokina ya kawo suka guda uku, kuma kowace ta cancanci amsa.

Ta farko, ya ce ina ƙirga waɗanda suka tsira ne na manta da waɗanda suka nutse. A bayan kowane Paranormal Activity akwai ɗaruruwan finafinai masu arha da ba wanda ya kalla, kuma shi kansa Blair Witch sai da kamfanin da ya saye shi ya zuba kuɗi masu yawa a gyaran sauti da talla kafin duniya ta san shi. Wannan gaskiya ce, kuma ta tilasta mini in rage faɗin da'awata. Misalan da na kawo ba su nuna cewa talauci na haifar da fim mai kyau ba. Iyakar abin da suka nuna shi ne, a wannan nau'i, talauci ba ya hana shi. Amma ko wannan ɗan abin ya isa ya rushe ra'ayin da muka fara da shi, tunda shi cewa ya yi ba zai yiwu ba sam.

Ta biyu ta fi ta farko kaifi. Ya ce mai kallon Hausa so yake ya gani. Yana son aljani ya ɓace ɓat a gabansa, boka ya harba wuta daga tafin hannu, mace ta rikiɗe ta zama macijiya kamar yadda ya saba gani a Nagin na 1976 da Nagina na 1986. Furodusan da ya ɓoye dodonsa, in ji shi, za a ce ya yi ha'inci. Ban musa cewa akwai wannan sha'awa ba. Finafinan tsafi na Kudu tun daga Living in Bondage na 1992 sun rayu a kanta. Sai dai ina ganin an haɗa jin daɗi iri biyu wuri ɗaya. Akwai daɗin kallon abin al'ajabi, akwai kuma tsoro, kuma ba lalle su zo tare ba. Mai kallo na iya tafa wa rikiɗar macijiya, ya tashi ya shiga bayan gida cikin duhu ko a jikinsa. Wanda kuwa aka ba shi labarin sallamar da aka yi a zaure tsakar dare, aka fita ba a ga kowa ba, shi ne zai nemi rakiya. Ga al'ummar da ta yi imani da samuwar aljanu, ta kuma san cewa ba a ganinsu, mai yiwuwa nuna aljani da hoda a fuska da jan ƙyalle rage masa kwarjini yake yi. Wato a wannan fage imanin mai kallo jari ne da darakta ya samu kyauta, wanda takwaransa na Turai sai ya yi rabin fim yana ginawa.

Ta uku ita ce wadda na fi daɗewa ina juyawa. Ya ce ƙarshen fim ɗinmu sananne ne tun kafin a fara: malam zai zo, a yi ruƙiyya, aljani ya fita, boka ya tozarta. Addini da hukumar tacewa da mai kallo duk ba za su yarda da wani ƙarshe ba, to ina fargabar take? Amsata ita ce, sanin wanda zai yi nasara bai taɓa kashe labari ba. Duk yaron Daura ya san macijin zai mutu, amma yana sake sauraro. Tambayar da ke riƙe mai kallo ita ce me za a rasa kafin a kai can, wa zai tafi, wane sirrin gida ne zai tonu. Inda finafinanmu ke faɗuwa shi ne malam na iso da wuri, a kan lokaci, ba tare da an yi hasarar komai ba, sannan a rufe da wa'azin minti goma. Wannan kuwa laifin alƙalami ne, kuma marubuci nagari bai fi maras kyau tsada da wani abin kirki ba.

Akwai rauni guda da abokina bai ambata ba, wanda ni nake ganin ya fi duka: sauti. Rabin tsoro ta kunne yake shiga. Amma sau da yawa za ka ji kiɗan fiyano ya cika kowace daƙiƙa, ƙarar janareta na biye da muryar jaruma, babu gurbin shiru ko kaɗan. Kukan mujiya, ƙarar ƙyauren langa-langa, iskar hunturu a cikin karan dawa, takun da ya tsaya daidai ƙofa, duk ana iya naɗarsu a bayan garin Sandamu da makirufo ɗaya mai kyau.

Batun ninja ba zai ɗauke mu lokaci haka ba. Nau'in kansa ɗan arha ne tun asali. Kamfanin Cannon ya buɗe kasuwarsa da Enter the Ninja a 1981, ya biyo da American Ninja a 1985, a Hong Kong kuma Godfrey Ho ya riƙa sayen tsofaffin finafinan Asiya yana ɗinka musu 'yan fitowar Turawa sanye da kayan ninja, yana sayarwa da sabon suna. Rufe fuska rahama ce ga mai ƙaramin jari: ɗan wasa ɗaya zai mutu sau goma, ba a kuma buƙatar tauraro. Rauninsu labari ne, wanda sau da yawa ba ya haɗuwa. Ƙarfinsu kuwa jiki ne, kuma jiki ba a sayensa, horar da shi ake yi. Isaac Nabwana na unguwar Wakaliga a Kampala ya yi Who Killed Captain Alex? a 2010 da kuɗin da bai wuce dala 200 ba. Jirgin samansa na kwamfuta abin dariya ne, amma masu faɗansa sun yi shekaru suna koyon kamfu, kuma ana gani.

Mu kuwa mun kwaikwayi rigar mun bar horon. Jarumin da bai taɓa motsa jiki ba zai kai naushi, a yanka hoto, a nuna wani yana faɗuwa. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe bayan kaka, ya ga an naɗe hannu da zare, kalangu na tashi, ɗan dambe ya duƙa yana auna abokin karawarsa da hannun hagu kafin kisa, ba zai gamsu da wannan ba. Abin mamaki shi ne duk kayan aikin nau'in muna da su a gida. Ɓacewar ninja ita ce layar zana da baduhu a tunanin Bahaushe; wanda ƙarfe ba ya kama shi ɗan tauri ne; ga 'yan kokawa, ga mafarauta, ga gardawa masu wasa da kura. Masu fargabar cewa irin wannan fim zai ƙara rura daba suna da abin dubawa, ko da yake dambe wasa ne mai ƙa'ida da alƙali da turmi, kuma fim ɗin da ya girmama ƙa'idar zai fi koyar da kamun kai a kan wanda ake sara ba dalili.

A kan fim ɗin bala'i ne na sallama wa abokina mafi yawan filin. Idan ana nufin nau'in da jirgi ke nutsewa ko birni ke rushewa a gaban ido, to a nan abin kallon shi ne hajar, ɓoye shi kuma ha'inci ne na gaske. Titanic na 1997 ya ci kimanin dala miliyan 200. Lokacin da Farouk Ashu-Brown ya yi nasa na Hausa, Masoyiyata, a 2003, sai da ya aro hotunan jirgin daga fim ɗin Cameron, daraktan Titanic, ya saƙa su a cikin nasa (Krings 2015). Dabara ce mai ban sha'awa ga manazarci, amma shaida ce kuma cewa abin ya fi ƙarfin aljihu. Ambaliyar da ta afka wa Jibiya a Yulin 2018, cikin dare, ta kashe mutane da dama, babu furodusan Arewa da zai iya sake gina ta a yau ba tare da ya wulaƙanta waɗanda abin ya shafa ba.

Sai dai bala'in da ya fi yi wa ƙasar Daura da maƙwabtanta ɓarna a tarihi ba mai zuwa a dare ɗaya ba ne. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da farin 1973 a hankali suka zo (Watts 1983): hadari ya haɗu ya watse, gero ya bushe yana ɗan ƙarami, a buɗe rumbu a ga ƙasansa, a sayar da akuya, a sayar da garma, maigida ya tafi cin rani bai dawo ba. Wannan ana iya ɗaukarsa da gida ɗaya da gona ɗaya a wajen Ɓaure, rani kuma zai ba da fagen kyauta na wata shida ko fiye. Abokina ya ce wannan ai wasan kwaikwayon iyali ne na sa masa rigar bala'i don in tsira da hujjata. Na karɓi rabin wannan suka: masu neman rugujewar gine-gine ba za su same ta a nan ba, kuma mai shagon tura fim ba zai jera shi kusa da fim ɗin 2012 ba. Amma ginshiƙin nau'in, wato jama'a a gaban ƙarfin da ya fi su, da tambayar wa zai raba abincinsa wa zai ɓoye, yana nan cikakke a labarin fari, kuma akwai tsofaffi a Zango da Mai'aduwa da suka ga 1973 da idonsu, waɗanda marubuci zai iya zama da su tun suna raye.