Cacar poker a mashayun Birtaniya

Poker wasan karta ne da ya samo asali a Amurka cikin ƙarni na 19.

A Birtaniya, ban da Ireland ta Arewa, dokar caca ta 2005, wadda ta fara aiki sosai a watan Satumbar 2007, ta ba da damar buga shi a mashaya ba tare da lasisin caca ba.

Sai dai ba a yarda mutum ya zuba fiye da fam 5 a wasa guda ba, kuma jimillar kuɗin da za a zuba a mashaya ɗaya a rana ba za ta wuce fam 100 ba.

An hana mai mashaya karɓar kuɗin shiga ko cirar la'ada, kuma wanda bai kai shekara 18 ba, ba ya shiga wasan.