Jan Ƙarfe ko Alminiyam: Tarihin Indararo a Gidajen Turai da Amurka

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san indararo tun da ya san soro. Magini yakan tsaga giginya, ko ya sa a gasa masa yumɓu, ya kafa a bakin rufi domin ruwan sama ya zuba nesa da bango. A ƙasashen Turai kuwa, inda rufi yake da gangara, indararo doguwar kwarya ce da ake shimfiɗawa a gefen rufin, ta tara ruwa ta miƙa wa bututun da zai sauke shi ƙasa. Aikin ba ƙarami ba ne, domin ruwan sama na milimita 25 a kan rufi mai murabba'in mita 100 lita 2,500 ne, kuma in bai sami hanya ba, gindin gini zai nufa. A yau maigida a Amurka yakan tsaya tsakanin jan ƙarfe mai tsada da alminiyam mai araha. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan bambancin farashi ba daɗaɗɗe ba ne, tarihi ne ya haife shi, har ma ya taɓa zama akasin haka.

2.0 Zamanin Dalma da Baƙin Ƙarfe

Kafin waɗannan ƙarafa biyu, dalma ce ke riƙe da aikin. A shekarar 1240 Sarki Henry na Uku na Ingila ya ba da umarni a tsawaita indararon dalma na Farar Hasumiya ta London har ƙasa, don kada ruwa ya ɓata farar ƙasar da aka shafa wa bangon. Dalma tana da laushi da jure ruwa, amma tana da nauyi da tsada, saboda haka ta tsaya a fadoji da majami'u, talaka kuwa ya yi ta fama da katako. Bayan da Abraham Darby ya narkar da tama da gasasshen kwal a Coalbrookdale a 1709, sai ƙarfen zubi ya yi araha, har ya zama shi ne indararon jerin gidajen biranen Ingila a ƙarni na 19. Aibinsa tsatsa, kuma ba ya daɗewa sai da fenti.

3.0 Jan Ƙarfe

Jan ƙarfe bai shiga aikin rufi sosai ba sai da aka iya murje shi ya zama falle. A Amurka, Paul Revere ne ya kafa masana'antar murza shi a garin Canton na Jihar Massachusetts a 1801, kuma a 1802 aka lulluɓe ƙubbar majalisar jihar a Boston da fallayensa. Abin da ya ɗaukaka shi a idon magina shi ne ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Da farko yakan dushe ya koma ruwan ƙasa, sa'an nan bayan shekaru ya yi kore. Wannan koren ba lalacewa ba ne, rigar kariya ce ga abin da ke ƙarƙashinta. Bugu da ƙari, ana liƙe gaɓoɓinsa da narkakkiyar kuza da dalma, su zama kamar jiki ɗaya. Shi ya sa indararon jan ƙarfe kan wuce shekara 50, wani ma ya kai 100.

4.0 Yadda Alminiyam Ya Sauko Daga Gadon Sarauta

Babu ƙarfen da ya kai alminiyam yawa a ɓawon ƙasa, amma raba shi da iskar da ya sarƙe da ita ya daɗe yana gagarar masana. Hans Christian Ørsted na Denmark ya fara fitar da ɗan kaɗan a 1825. A baje kolin Paris na 1855 an nuna sandunansa kamar yadda ake nuna kayan ado. A 1884, da Amurkawa suka kammala Hasumiyar Washington, sai suka ɗora mata ƙololuwar alminiyam mai nauyin oza 100, watau ƙasa da kilo 3, a lokacin da farashinsa yake gogayya da na azurfa. Da wani ya ce a yi indararo da shi a wannan shekara, da an ɗauke shi mai taɓin hankali.

Shekara biyu kacal bayan haka al'amarin ya juya. A 1886 Charles Martin Hall a Jihar Ohio da Paul Héroult a Faransa, kowa a nasa ɓangaren, suka gano hanyar fitar da shi da wutar lantarki. Kamfanin da aka kafa a Pittsburgh a 1888 don cin moriyar binciken Hall, wanda ya koma Alcoa daga baya, ya buɗe masana'anta a Niagara a 1895 saboda arahar wutar da ruwa ke samarwa. Daga nan farashin alminiyam ya zama ɗan amshin shatan farashin lantarki. Yaƙin Duniya na Biyu ya faɗaɗa masana'antunsa don ƙera jiragen sama, da aka ƙare yaƙi a 1945 kuwa sai suka nemi kasuwa a wajen magina, daidai lokacin da sababbin unguwanni ke tsirowa a gefen biranen Amurka. A shekarun 1960 injin da ake ɗaukowa a mota ya yaɗu, wanda ke lanƙwasa naɗin alminiyam a ƙofar gida, ya fitar da indararo daidai tsawon rufi ba tare da gaɓa a tsakiya ba. Wannan inji shi ne ya mayar da jan ƙarfe kayan masu hali da na tsofaffin gine-ginen tarihi.

5.0 Abin da Ke Kan Sikeli

Nauyin alminiyam bai kai sulusin na jan ƙarfe ba, domin giram 2.7 ne a inda jan ƙarfe yake kusan giram 9. Wannan ya sauƙaƙa ɗauka da kafawa, amma tsani ko reshe yakan lotsa shi. Zafi kuma ya fi miƙar da shi: in yanayi ya sauya da digiri 50, mita 10 na alminiyam zai ƙaru da wajen milimita 11, na jan ƙarfe kuwa da wajen 8. Tun da yake ba ya karɓar liƙin kuza da sauƙi, da ƙusa da danƙo ake haɗa kusurwoyinsa, kuma a nan yoyo ke farawa. Galibi yakan yi shekara 20 zuwa 30. Shi kuwa jan ƙarfe, ban da ninkin kuɗi da bukatar gwanin maƙeri, darajarsa a kasuwar gwangwan takan jawo ɓarawo.

Akwai kuma kuskuren da ya fi kowanne tsada, watau haɗa su biyun. In ƙarafa mabambanta suka haɗu a cikin danshi, ɗaya yakan ci ɗaya. Gunkin 'Yanci na New York, wanda aka buɗe a 1886, fatarsa jan ƙarfe ce, sandunan da ke riƙe da ita kuwa baƙin ƙarfe. Tsatsa ta ci sandunan har aka sauya su a gyaran 1984 zuwa 1986. Alminiyam ya fi baƙin ƙarfe rauni a gaban jan ƙarfe, har ruwan da ya gangaro daga rufin jan ƙarfe ma yakan huda shi.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa zaɓin bai tsaya ga kyan gani ba. Wanda ya sa alminiyam ya rage wa kansa kuɗin yau, ya bar wa magada aikin sauyawa sau biyu ko uku a tsawon ran gidan. Wanda ya sa jan ƙarfe ya biya wa jikokinsa tun yanzu. Bambancin farashin kuwa bai daɗe ba, domin kafin 1886 alminiyam ne ya fi ƙarfin aljihun maigida.