Zauren Baƙi da Gidan Gajiyayyu: Me Ke Hana Su Rushewa?

Idan muka bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta wuce Wurno zuwa Shinaka da Goronyo, za mu ga tsofaffin zauruka a ƙofar gidajen hakimai da masu gari da limamai. Garuruwan kwarin Rima sun daɗe da sanin baƙi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da Wurno ribaɗi, ya tara jama'a a can, a can kuma ya rasu a 1837. A irin waɗannan garuruwa, matafiyin da dare ya riska, ko tsohon da ba shi da kowa, zaure yake nufa. A shimfiɗa masa tabarma, maƙwabta su aiko da akushin tuwo. Zaure shi ne gidan gajiyayyun ƙauyenmu tun kafin zuwan mishan.

Bari mu duba yadda aka gina shi. Magina sukan ɗora tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya yi kauri daga ƙasa ya riƙa sirancewa zuwa sama. Rufin kuwa na azara ne, daga itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyi a kan tazara mai faɗi, sai a yi bakan gizo ko ɗaurin guga don ɗakin ya yalwata. A waje a shafe shi da makuba, a sa indararo don ruwa ya zuba nesa da bango. Ƙofa ɗaya tana duban titi, ɗaya tana duban cikin gida. Da haka baƙo ya sami mafaka, iyali kuma ba a keta sirrinsu ba.

Ikkilisiya ta shiga wannan aiki a ƙasar Sakkwato ta ƙofar jinya. Wajen 1937 ne mishan ta SIM ta karɓi kula da mazaunan masu cutar kuturta a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. Amanawa ba asibiti kawai ba ce: akwai ɗakunan kwana, da gonaki, da makaranta. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi asibitocin mishan, nauyin gine-ginen ya koma hannunta.

Don mu gane abin da ke sa irin wannan gida ya daɗe, sai mu leƙa wani ƙauye a Ingila mai suna Ewelme. A 1437 William de la Pole da matarsa Alice suka sami izinin sarki suka kafa gida domin matalauta maza 13. An jera ɗakunan kewaye da tsakar gida, aka haɗa su da majami'a, aka gina makaranta a gefe. Har yau akwai tsofaffi a ciki. Gaskiya ne dokar Ingila ta sa shi cikin gine-ginen da ba a taɓawa sai da izini. Amma irin wannan doka ta zo ne a shekarun 1940, bayan gidan ya yi shekara 500 a tsaye. Abin da ya riƙe shi biyu ne: waɗanda suka kafa shi sun ba shi filayen noma da kuɗin hayarsu ke biyan gyara, kuma ba a taɓa barinsa ba kowa ba.

Mu ma muna da doka. A 1979 aka kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa. Sai dai zauren ƙauye ba ya jiran takarda daga Abuja. Ginin ƙasa yaɓe yake so kowace shekara kafin damina. A bar indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, azara ta ruɓe, sai soro ya faɗi. Ambaliyar Satumban 2010 a yankin Goronyo ta nuna mana yadda ruwa ke cinye ginin ƙasa cikin kwanaki. Inda aka sake gini da bulo da kwano, sau da yawa akan yi ɗakin iyali da shago, a manta da wurin baƙo.

Maƙwabtanmu Musulmi suna da kalmar waƙafi, wato dukiyar da aka tsayar domin aikin alheri, har Jihar Sakkwato tana da hukumar zakka da waƙafi. Mu kuwa mukan tara baiko mu gina ɗakin gwauraye ko masaukin baƙi, mu yi bikin buɗewa, ba mu ware ko gona ɗaya domin gyaransa ba. In fasto zai jagoranci irin wannan gini, ya fara tambayar dattawa: wa zai yi yaɓe baɗi, kuma da wane kuɗi?

Tambayoyi don nazari:
1. A ikkilisiyarku, ina baƙon da ba shi da kowa zai kwana yau?
2. Wace dukiya kuka tsayar domin gyaran wurin, kuma sunan wa ke kan takardar filin?